Kafin a ƙaro mega, a duba layi

Bayan sallar magariba wahalar take farawa. Duk mai wifin sayar da tike a Tawa ya san wannan lokaci: samari sun hallara a fada, an ɗora shayi, kowa ya zaro wayarsa, kuma daidai nan ne iyaye mata ke neman ƴaƴansu da suka tafi bida Abijan ko Libiya ko Kamaru, don su ma can sai dare suke samun kansu. A irin wannan lokaci wani Alhaji mai shago a unguwarmu ya aiko a kira ni. Yayarsa ce ta zo da waya tana son jin muryar autanta. Magana tana tafiya tana tsinkewa, ta yi tambaya ta ji shiru, sai ta shiga wata maganar sannan amsar ta farko ta iso, har ta gaji ta ce a bari sai da asuba.

"Malam, megan nan bai isa ba," in ji Alhaji. "Gobe ka je ka ƙaro mana, ko nawa ne."

Na ce, "Alhaji, ku ba ni daren nan tukuna. In ƙari ne maganin, ni zan fara gaya muku."

Lissafi ne ya sa na roƙi daren. Kiran murya a WhatsApp ba ya cin ko kilobit 100 a sakan. Layin Alhaji kuwa megabit 20 ne wajen saukewa, 4 wajen aikawa, wato ko ta ɓangaren da ya fi ƙunci, muryar Hajiya, yayar tasa, ba ta neman fiye da kashi ɗaya cikin arba'in. Hanyar da ke ɗaukar arba'in in ta kasa wucewa da ɗaya, akwai abin da ya tare ta. Na jona kwamfuta da kebul a jikin ruta, akwatin da ke raba wa wayoyi intanet, na saki ping zuwa 1.1.1.1, wato ɗan saƙon da ake jefawa don a auna lokacin da zai je ya dawo. Lambar tana zaune lafiya, sai wani yaro a fada ya fara ɗora bidiyon biki a TikTok, nan take ta haura ta wuce milisakan 1,000. Kowace kalmar Hajiya sai ta yi jiran sakan guda cur kafin ta bar Tawa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai muddin jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba, kuma in ya haura 400 an fita daga abin da za a lamunta.

Duk abin da ke bin intanet a yayyanke yake tafiya, fakiti-fakiti, kuma babba a cikinsu bayit 1,500 ne, wato bit 12,000. Hanyar megabit 4 tana buƙatar milisakan 3 kafin ta fitar da irin wannan fakiti guda. Wayar yaron kuwa tana zuba wa ruta fakitoci ta wifi da gudun da ya ninka haka sau da yawa. Waɗanda ba su samu fita ba sai su tsaya a wani ɗan rumbu cikin modem, na'urar da ke haɗa ruta da kamfanin intanet, su jera, na farko gaba na ƙarshe baya. In fakiti 400 suka taru, duk wanda ya zo bayansu zai jira milisakan 1,200, ko da shi ɗan mitsitsin fakitin murya ne.

Wanda ya taɓa tsayawa a famfon unguwa da bazara ya ga wannan da idonsa. Ɗan garuwa ya iso da kura mai jarka goma ya jera su, yarinya ta zo bayansa da buta ɗaya. Ruwa yana zuba, bai yanke ba, amma in dokar wurin ita ce wanda ya riga zuwa shi ke riga ɗiba, sai jarka goman sun cika kafin buta ta ga ruwa. A modem abin ya fi haka tsanani, don garuwan ciki ba ya gamawa: jarka ɗaya na cika ya ajiye wata a bayan layi.

Dalilin da ya sa ba ya gamawa yana cikin ginin intanet ɗin kansa. Ƙa'idar TCP, wadda yawancin manyan kaya ke bi, ba ta san faɗin hanya ba tun daga farko, lalube take yi. Ta ƙara gudu, ta sake ƙarawa, har sai wani fakiti ya ɓace, sannan ta gane ta cika hanya ta ja baya. Van Jacobson ne ya tsara wannan a 1988, bayan cunkoson da ya durƙusar da intanet na farko a Amurka a 1986. Ɓacewar fakiti ita ce harshen da hanya ke cewa "ya isa" da shi. To daga baya ma'ajin kwamfuta ya yi arha, masu ƙera modem suka riƙa zuba manyan rumbuna don kada fakiti ko ɗaya ya zube, da niyya mai kyau. Sakamakon shi ne "ya isa" ɗin ba ta isowa sai rumbu ya cika fal, kuma rumbun yana zama a cike muddin wani yana aika abu mai nauyi. Injiniya Jim Gettys ya raɗa wa cutar suna a 2010, bayan ya gano ta a layin gidansa, sunan da ma'anarsa ita ce kumburin rumbu.

Shi ya sa ƙarin mega sau da yawa yake rage ciwon bai warkar ba. Da Alhaji ya ninka aikawarsa zuwa megabit 8, TCP za ta cika sabuwar hanyar cikin ƴan sakanni, fakiti 400 ɗin nan su koma jiran milisakan 600. Ya biya kuɗi ninki biyu, kiran Hajiya yana nan a wajen iyaka.

Dabarar gyaran guda ɗaya ce a asali, sauran duk rassa ne. Layin jiran fakitoci yana taruwa a inda hanya ta fi ƙunci. Yanzu wurin yana cikin modem ko na'urar kamfanin da ya ba ka intanet, inda hannunka ba ya kai. Sai ka mai da rutarka ita ce mafi ƙunci da gangan, ka hana ta fitar da fiye da kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na abin da layin ke ɗauka a zahiri. Daga nan rumbun modem ba zai ƙara cika ba, layin jiran ya dawo cikin akwatin da kake da mabuɗinsa, kuma kai za ka yanke wa zai wuce gaba. A wurin Alhaji na rubuta 17 a saukewa, 3.5 a aikawa. Da ya ga lambobin sai ya ɗaga kai.

"Ashirin nake biya, Malam. Ina ukun?"

Tambaya ce mai kyau, kuma duk wanda na yi wa wannan aiki sai ya yi ta. Ukun su ne kuɗin mabuɗi. Ba wanda ke jin bambancin 20 da 17 a wayarsa, amma kowa yana jin bambancin jiran sakan guda da jiran da bai kai ƙiftawar ido ba. Na kan fara daga ƙasa, in riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan ina kallon ping yayin da layin ke cike, har in ga inda lambar ta fara tsalle, sai in koma baya taki ɗaya in tsaya.

Ɓangarorin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Abin da ke fita daga gidanka yana hannunka gaba ɗaya, kai ke jera shi. Abin da ke shigowa kuwa ya riga ya ratso ƙuncin hanyar kafin ka gan shi, iyakar abin da za ka iya shi ne ka jinkirta wani ko ka zubar da wani, don mai aikowa daga can nesa ya ji ya rage gudu. Yana aiki, sai dai yana son sarari fiye da na fita, shi ya sa nake rage saukewa da hannu mai ɗan nauyi. A ƙananan wurare irin namu ma, mafi yawan kukan da ake yi daga ɓangaren aikawa yake tasowa, domin shi ne siriri, ga wayoyi suna kwashe hotuna suna turawa ma'ajin Google ba tare da masu su sun sani ba.

Awo kuma sai an yi shi da gaskiya. Lambar da ke kan takardar kamfani ba ita ake rubutawa ba. A auna da kebul, a cire kowa daga layi, a maimaita safe da rana da dare. Shafin fast.com yana nuna jinkiri iri biyu, na lokacin da layi ke sake da na lokacin da yake ɗauke da kaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce girman cutar. A kuma kiyaye da bit da bayit, bit takwas ke yin bayit ɗaya. Megabit 10 a sakan megabayit 1.25 ne kawai, kuma na sha ganin an rubuta ɗaya a gurbin ɗaya an shaƙe layi ko an bar shi a buɗe.

To layi ya dawo hannunka. Yaya za ka jera shi?

Shekarun baya abin da muke yi shi ne rarraba kaya gida-gida: wannan murya ce a ba ta gaba, wannan bidiyo ne a tura shi baya. Mutum ya zauna ya rubuta dokoki hamsin yana bin lambar ƙofa da adireshin kowane kamfani. Ya yi amfani a zamaninsa. Yau kusan komai a rufe yake tafiya ta ƙofa ɗaya mai lamba 443, kuma ƙa'idar QUIC, wadda aka tabbatar a 2021, ta sa bidiyon YouTube ma yana zuwa ta UDP, hanyar da a da muke ɗauka ta murya da wasanni ce. Dokokin da ke ƙoƙarin leƙa cikin fakiti su gane na wane ne suna cinye ƙarfin ƙaramar ruta, kuma rabinsu sun daina kama komai. Ni ina da wani dalilin ma na barinsu: ba na son akwatin da na kafa a unguwa ya zama mai bin diddigin abin da maƙwabta ke kallo. Wanda ya sayi tike ya sayi hanya ne, abin da ya ɗauko a kanta nasa ne.

Hanyar da ta maye gurbin wannan ta fi sauƙi kuma ta fi adalci. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, wadda ba ta ƙirga yawan fakitin da ke layi, tsawon zaman da kowanne ya yi take aunawa. In jiran ya zauna sama da milisakan 5 har tsawon milisakan 100 bai sauko ba, sai ta zubar da fakiti ɗaya, "ya isa" ta isa kunnen mai aikawa da wuri. A shekarar dai Eric Dumazet ya haɗa ta da rabon layuka, aka samu FQ-CoDel a Linux 3.5, tsarin da ke tafiyar da rutoci da yawa. Maimakon layi ɗaya sai ta buɗe 1,024, kowace hira da nata, tana zagayawa tana ɗiban kaɗan daga kowanne. Kuma hirar da ba ta tara komai ba, wadda ke zuwa da ɗan abu jifa-jifa, ita ake fara sallama. Murya haka take, saƙon rubutu haka yake, neman adireshin shafi haka yake, tabbatar da aiken kuɗi a wurin wakili haka yake. Mai buta ta wuce gaba ba tare da an tambaye ta me za ta yi da ruwan ba, kuma ɗan garuwa bai yi asarar komai ba sai cikin buta guda. A 2018 CAKE ta shiga Linux 4.19, aikin Jonathan Morton da Toke Høiland-Jørgensen da Dave Täht da abokan aikinsu, ta haɗa ƙayyade gudu da rabon layuka da rabo tsakanin na'urori wuri ɗaya, har ya zama lamba biyu kawai take nema daga hannunka kafin ta fara aiki.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu musamman a nan. Milisakan 100 ɗin can an zaɓe shi ne bisa tafiyar fakiti ta yau da kullum a ƙasashen da manyan kwamfutocin ke kusa. Nijar ba ta da teku. Zarenmu sai ya gangara kudu, misali ta Gaya zuwa Kotonu, sannan ya shiga ƙarƙashin ruwa, kuma haske a cikin zaren gilashi kilomita 200,000 yake yi a sakan, wato kowane kilomita 1,000 yana ƙara milisakan 10 a zuwa da dawowa. Mun ga yadda muka rataya da gaɓar teku ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka lalace a yammacin Afirka, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, rezo ya raunana har nan. Wannan jinkirin na nisa ba rutar da za ta cire shi, amma ya kamata ruta ta san da shi. In ping ɗinka a sake yana kai 150 ko 200, ka ɗaga lambar zuwa-da-dawowa a CAKE ta dace da shi, in ba haka ba za ta riƙa zubar da fakiti tun mai aikowa bai samu damar amsa na farko ba, saukewa ta yi ƙasa da abin da ya kamata. Masu tsohuwar parabol ta tauraron da ke tsaye a kilomita 35,786 kuwa, zuwa da dawowarsu ya haura milisakan 500, sai su ɗaga sosai.

Rabo tsakanin hirarraki ma bai wadatar ba a inda mutane da yawa ke tarayya. Yaro mai manhajar saukewa da ke buɗe hanya goma sha shida lokaci guda zai kwashi kaso goma sha shida, ɗalibar jami'a da ke sauke darasi ta hanya ɗaya ta samu ɗaya. Dole a fara rabawa tsakanin wayoyi, sannan a raba cikin kowace waya. CAKE tana yin wannan in an gaya mata ta duba adireshin cikin gida, na mai aikawa a fita, na mai karɓa a shigowa.

Yanzu ga akwatunan da ke hannunmu. A Tawa, kamar Yamai, in ka buɗe kwalin da ke rataye a shagon mai wifi, galibi MikroTik za ka tarar, na kamfanin nan na Latbiya da aka kafa a Riga a 1996, kuma kuskure iri ɗaya nake ta gani a cikinsu. An ba kowane tike iyakarsa, a ce megabit 2, an ɗauka an gama. Mutum talatin sau 2 sittin ne, layi kuwa 20. Kowa yana cikin iyakarsa, ba wanda ya karya doka, amma jimillar ta ninka hanya sau uku, layin jiran ya koma cikin modem kamar ba a yi komai ba. Abin da ya ɓace shi ne uwar layi: a kafa guda mai rufin 17 da 3.5, a je tsarin tikitin a rubuta sunanta a gurbin uwa, don duk wanda ya shigo ya zauna ƙarƙashinta. Sannan kowane ɗa yana da lamba biyu, kason da aka lamunce masa ko ana cunkoso, da rufin da zai iya kaiwa in hanya ta yi sarari. Jimillar kason lamuni kada ta wuce rufin uwa. Kilobit 512 sau talatin ya kama megabit 15 da ɗoriya, ya shiga cikin 17. In ka lamunce wa kowa megabit 1 a wannan layi, ka yi alkawarin abin da babu. A tuna kuma uwa ba ta riƙe fakiti, ƴaƴa ke riƙewa, don haka a kan ƴaƴan ake zaɓar irin layi, kuma tun RouterOS 7, tsarin da ke cikin MikroTik, akwai FQ-CoDel da CAKE cikin zaɓin.

Buro ko asibiti ko lakwal da ba sa sayar da tike ba sa buƙatar duk wannan. Layi guda mai CAKE ya ishe su, ko PCQ, tsohuwar dabarar MikroTik da ke raba hanya daidai tsakanin waɗanda ke aiki a wannan sakan ɗin in an bar gudunta a sifili. Mutum biyu su raba biyu, goma su raba goma. Sai dai a kula: saukewa da adireshin mai karɓa ake raba ta, aikawa da na mai aikawa. In aka juya su, rutar za ta riƙa yi wa kwamfutocin Turai adalci ta bar mutanen ɗaki.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Saitin da MikroTik ke zuwa da shi daga kamfani yana da doka mai suna FastTrack a katangar tsaro, wadda ke ɗauke fakitoci ta gajeriyar hanya don a sauƙaƙa wa injin, kuma gajeriyar hanyar ba ta bi ta layukan da ka kafa. Mutum ya share dare yana gyara lambobi, ma'aunin layin ko motsi ba ya yi. A kashe dokar, a sake tada rutar don tsofaffin hirarraki su saki. Amma daga nan kowane fakiti sai ya bi ta ƙwaƙwalwar injin, kuma nan ake sanin girman akwati. Ƙaramar hAP lite tana da ƙwaƙwalwa ɗaya mai megahaz 650 da ma'aji megabayit 32, hEX RB750Gr3 tana da biyu masu 880 da megabayit 256. A buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik, da ƙarfe tara na dare a dubi nauyin da ke kan injin. In yana manne da ɗari, rutar ce ta zama ƙuncin hanya, kuma irin ƙuncin da ba shi da tsari. Zafin Afrilu da Mayu ma ba ya taimakawa, akwatin da aka kulle a kwalin ƙarfe ƙarƙashin kwano yana buƙatar iska kamar mai shi.

Ina son abin nan da ake kira ɓarkewa, wato a bar mai tike ya wuce rufinsa na ƴan sakanni don shafi ya buɗe da sauri, amma ana yawan fahimtarsa a karkace. Lokacin da ake rubutawa a wurin ba tsawon ɓarkewar ba ne, tsawon da ake ɗaukar matsakaici a kansa ne. In rufi 2 ne, ɓarkewa 4, mizani 1.5, wato matsakaicin da in an kai shi ɓarkewa ke tsayawa, lokaci sakan 16, to mafi tsawon gudun shi ne 1.5 sau 16 a raba da 4, sakan 6.

Wanda ke da ruta mai ɗaukar OpenWrt, wani tsarin da ake ɗora wa ruta, aikinsa ya fi na kowa gajarta: ya sa kunshin SQM, ya zaɓi ƙofar da intanet ke shigowa, ya rubuta lambobi biyu da kilobit, ya zaɓi CAKE, ya tabbata bai kunna saurin da ke tsallake injin ba, don shi ma halin FastTrack gare shi. Ma'aikatun da ke da pfSense ko OPNsense a tsohuwar kwamfutar da aka mai da ruta kuwa suna da dummynet na Luigi Rizzo na jami'ar Pisa: bututu biyu, na shiga da na fita, a ɗora musu FQ-CoDel, a rubuta dokar da ke tura kaya ciki.

Inda aikin ke da wuya da gaske shi ne layin da faɗinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma yawancinmu irinsa muke da shi. Modem na 4G yana tarayya da duk unguwa a eriya ɗaya. In ka rubuta 17 da hantsi, dare ya yi layin ya sauko 9, rutarka ta daina zama mafi ƙunci, mabuɗi ya koma inda yake da. Ko dai ka saita bisa mafi munin sa'a ka haƙura da asarar rana, ko ka yi jadawali biyu, na rana da na dare, wanda MikroTik ke iya sauyawa da kanta bisa agogo, ko kuma a OpenWrt ka sa cake-autorate, wadda ke jefa ping ba tsayawa tana ɗaga lambar tana saukewa gwargwadon abin da ta gani. Ni jadawali biyu na fi yi wa masu shago, don abu ne da za su iya ganewa su gyara ko ba na nan. Starlink, da ta fara aiki a Nijar a 2025, taurarinta suna kusa, wajen kilomita 550, jinkirinta kaɗan ne, amma faɗinta yana hawa yana sauka yayin da faranti ke sauya tauraro. Masu ita da yawa sun ɗauka sun wuce wannan magana. Aikawarta ta fi saukewarta ƙunci nesa ba kusa ba, kuma mutum hamsin a kanta suna cika ta, don haka ko ba a taɓa komai ba a ƙayyade fita.

Akwai kuma layi na biyu da ruta ba ta gani, wanda ke cikin iska. Wifi magana ɗaya ake yi a lokaci guda, kuma wayar da ke can ƙarshen lungu da sanda ɗaya tana magana a hankali, tana cinye lokacin da wayoyi goma na kusa za su yi amfani da shi. In ping zuwa rutar kanta yana tsalle, matsalar ba ta kai ga intanet ba ma. Maganinta ƙarin eriya kusa da mutane, da raba tashoshi 1 da 6 da 11, da tura wayoyin da ke iyawa zuwa gigahaz 5.

Duk wannan tsari ba ya haifar da ruwan da babu, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokan sana'a. YouTube da kanta ta ce bidiyo mai 480 yana son megabit 1.1, mai 720 yana son 2.5. Megabit 17 zai ɗauki masu kallo goma sha biyar a 480 lokaci guda. Lokacin kokowar takobi, da mutum arba'in ke son ganin karo ɗaya a minti ɗaya, ba CAKE ba PCQ da za ta ishe su. Mai wifin da ya san haka ya ci gaba da yanka tike yana rubuta mega 2 a jiki, tiyarsa ba ta cika ba, kuma mun san sunan wannan a kasuwa. A irin wannan hali ƙarin mega shi ne magani, ko a tsai da sayarwa in adadi ya cika. Haka na gaya wa Alhaji, tunda na yi masa alkawari.

Mun gama wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na sa yaron nan ya sake ɗora bidiyonsa, na sa wasu biyu suka kunna kallo, ping ya ɗan motsa ya zauna, bai ƙara ko milisakan 30 a kan na sake ba. Alhaji ya aika a gaya wa Hajiya ba sai ta jira asuba ba. Ni kuma na adana saitin a kan kile, saboda ɗaukewar kuran da dawowarsa sun sha lalata akwati, na rubuta lambobin rana da na dare da kwanan wata a takarda na manna a cikin murfin kwalin.

"In kun canza forfe, ko kuka ga dare ya fara nauyi, ku aiko a sake awo," na ce masa. "Lambobin nan na layin yau ne."

Ya ce, "To, tike nawa zan tsaya a kai ranar kokowa?"

Muka ja kujera muka fara lissafi.